Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Shafi na 14

Masu cika min waya da saƙo tun asuba, wai na ajiye Inna Turai a gadon asibiti na kama gabana, to ga ni na dawo. Kwana biyu babu wuta a unguwarmu, ita kuwa waya ba ta cin tuwo. Ke kuma da kika rubuta cewa Iliyasu mugu ne, ajiye sandarki tukuna ki karanta wannan.

*

Yau kwana uku da kawo Inna Turai daga Dingaya zuwa babban asibitin Birnin Kudu, kuma har yanzu babu mahalukin da ya iya faɗin sunan abin da ke cin ta. Mako biyar tana fama da ciwon kai. Daga baya amai ya shigo, sai mantuwa, sai surutai. Jiki kuwa sanyi ƙalau, ko ɗumi babu.

Da hantsi, a barandar ɗakin mata, ɗanta Iliyasu ya tsaya a kan yayarsa Nasiha yana kaɗa mukullin babur.

"Na yi magana da direba. Bayan azahar zai zo mu mayar da ita gida."

Nasiha ta ɗago daga kan flas ɗin kunun da take rufewa.

"Gida a yi mata me?"

"Abin da ya kamata a yi tun farko. Ruƙiyya. Yaya, da kunnenki kika ji ta jiya tana hira da Baba, mutumin da ya shekara tara a ƙasa."

"Takardar fa?"

"Ba zan sa hannu ba."

Takardar nan ita ce rigimar kwana uku. Tun ranar da aka ba su gado likita ya ce yana so ya sa allura a bayan Inna ya ɗebi ruwa kaɗan a auna. Inna ba ta cikin hayyacinta, dole sai wani nata ya amince. Nasiha ce babba, tana iya sa hannu, likita ma ya faɗa. Amma Iliyasu ya rantse in ta kuskura ta sa, duk abin da ya biyo baya a wuyanta yake, ita kuwa gaskiya tsoro take ji ta ɗauki wannan kaya ita kaɗai.

"Malam Yahuza na bayan masallaci," in ji Iliyasu, "ba ruwan bayansa aka ɗiba ba? Kwana biyu aka kawo gawarsa. Kada garin neman gira mu rasa ido."

Nasiha ta waiwaya wajen Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifinsu, wadda ke zaune a tabarma tana jan carbi. Gwaggo ce ta raine ta tun daga yaye har aure, kuma mace ce da ko rigimar kaji aka yi sai ta sa baki. Amma tun da suka zo asibitin nan ta yi gum kamar an ɗinke mata baki. Wannan shirun ma yana cikin abubuwan da ke yi wa Nasiha ƙaiƙayi a rai.

Ana haka sai ga Likita Barnabas ya fito daga zagayen marasa lafiya. Ɗan Filato ne, shekararsa shida a Birnin Kudu, Hausarsa ta nuna sai ɗan abin da ba a rasa ba.

"Malam Iliyasu, an yi shawara?"

Kafin Iliyasu ya buɗe baki Nasiha ta miƙe.

"Likita, ni tambaya gare ni."

"An fara," in ji Iliyasu ƙasa-ƙasa.

Ba laifinsa ba ne. Nasiha tun tana 'yar shekara bakwai ta kwance rediyon Baba don ta ga inda mai labarai yake zama. Girma bai raba ta da halin ba, sai ma abin da ya ƙaru.

"Kun ce kuna zargin sanƙarau. Ni na san sanƙarau. Lokacin zafi yake zuwa, jiki ya yi rau, wuya ya ƙage, kwana biyu uku an gama magana. Inna mako biyar, ko zazzaɓi ba ta yi ba. Wane irin sanƙarau ne wannan mai tafiyar hawainiya?"

Likita ya dube ta, ya jawo benci ya zauna. Da gani tambayar ta yi masa daɗi.

"Madalla. Kin san mene ne zazzaɓi? Ihu ne. Jiki yana da masu gadi, in sun ga ɓarawo sai su yi ihu, shi ne za ki ji jiki ya ɗau zafi. To ita Inna, ciwon gaɓɓan da take fama da shi shekara da shekaru, amosanin da ya lanƙwashe mata yatsu, masu gadin nan ne suka rikice suna dukan 'yan gida. Maganin da muke ba ta, aikinsa ya sanyaya su."

"Ke nan in an sanyaya su da yawa…"

"Sai su yi barci. Ɓarawo ya shigo, ya hau har ƙwaƙwalwa, ya yi wata guda yana ɓarna, babu wanda ya yi ihu."

Nasiha ta koma ta zauna. Iliyasu ya daina kaɗa mukulli.

"Yanzu ni ma bari in yi tawa tambayar," in ji likita. "Kafin a fara surutan nan, akwai wani abu da ta yi wanda ba halinta ba ne? Ina so in san yaushe abin ya taɓa kanta."

"Babu," in ji Iliyasu. "Sai makon jiya."

Nasiha ta sunkuyar da kai. Akwai abin da ta ɓoye mako uku, ko mijinta ba ta gaya wa ba.

"Akwai," ta ce a hankali. "Ta kira sunana."

Carbin Gwaggo ya tsaya. Iliyasu ya juyo gaba ɗaya.

"Inna? Sunanki?"

Likita ya dubi wannan ya dubi wancan.

"To ai mahaifiyarki ce. Ba ita ta haife ki ba?"

A nan ne Gwaggo ta yi magana, karo na farko tun safe.

"Ɗan nan, 'yar fari ce. Mu a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Na yanzu sun watsar, amma Turai irin mutanen da ce. Shekara talatin da huɗu, yarinyar nan ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Da tana ƙarama 'waccan' take cewa. Da ta yi aure a nan garin ta koma 'ta Birni'."

"Mako uku da suka wuce ne," in ji Nasiha. "Na kira wayar Iliyasu in gaishe ta, matarsa ta kai mata. Ina cewa salamu alaikum sai na ji ta ce, 'Nasiha, kin ci abinci?'"

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ranar nan a tsakar gida ta zauna daɓas, waya a kunne, daɗi ya rufe ta har ta kasa amsawa. Ta yi kwana biyu tana murmushi ita kaɗai. A na uku ne tsoro ya zo, don a can ƙasan ranta ta san Innar da ta sani ba za ta yi haka ba. Amma ta ƙi faɗa wa kowa, saboda ba ta so a ce mata ciwo ne ya kira ta.

Likita ya rubuta wani abu a fayil.

"Na gode. Yau na ƙaru. Ke nan aƙalla mako uku abin yana kanta, ba mako ɗaya ba." Ya buɗe wani shafi. "Amma ga abin da ya ɗaure min kai. Abin da ke rubuce a nan bai kai ya kwantar mata da masu gadi haka ba. Wata bakwai da suka wuce ciwon ya tashi, aka sa mata wata farar ƙwaya guda shida kullum na mako biyu, sannan a riƙa ragewa har ta koma ɗaya. Sai na mako-mako da take sha tun da can. Malam Iliyasu ya ce min tana shan maganinta yadda aka ce."

"Tana sha," in ji Iliyasu da sauri.

Nasiha ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta dawo da wata baƙar leda da ta gani jiya a ƙasan jakar Inna lokacin da take neman zani. Ta zazzage ta a kan benci. Bawon magani ne, fanko, tuli guda, an ɗaure su goma-goma da zare. Inna ba ta yar da komai, ko gwangwanin madara ne.

"Likita, mai shan ƙwaya ɗaya a rana zai tara wannan a wata bakwai?"

Likita ya ɗauki ɗauri ɗaya ya juya shi.

"Ko kusa. Kuma wannan ba daga wajenmu ya fito ba."

Duk suka zuba wa Iliyasu ido. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Iliyasu, nawa take sha?" in ji Nasiha.

"Shida."

"Tun yaushe?"

"Tun… tun ranar da aka rubuta."

"Innalillahi! Wata bakwai?"

"Yaya, tsaya ki ji."

"In ji me? An ce ku dawo bayan mako biyu, ga shi nan a kati!"

"Ke kina Birni, ba ki san komai ba!" Muryarsa ta tashi har wata mai jinya ta leƙo. Ya sassauta. "Kin san yadda take isowa nan in na ɗauko ta daga Dingaya? Kowane rami ta yi ƙara. Ranar ƙarshe da muka koma gida sai da aka ciccibe ta. Da aka fara shidan nan, kwana biyar ta miƙe. Yaya, yatsunta suka buɗe. Na shigo na tarar da ita tana tuƙa tuwo da muciya, abin da rabonta da shi shekara huɗu. Da na rage kamar yadda aka ce, sai ciwon ya fara dawowa, ta dube ni ta ce, 'Iliya, kada ka mayar da ni inda na fito.' Me zan yi? Na ɗauki bawon na kai wani kemis a Gwaram na ce a ba ni irinsa. Kowa haka yake yi."

Ya share fuska da hularsa.

"Ta yi kumatu, ta yi fes. Mutane har barka suke min a masallaci, wai na iya riƙon uwa."

"Kumatun nan na maganin ne," in ji likita a hankali.

Ran Nasiha ya gama ɓaci. Kwana uku yana tsaye a kanta yana yi mata wa'azin allura, ashe shi ne ya buɗe ƙofar da hannunsa.

"Kai ne! Kai ka kwantar mata da masu gadi, sannan ka zo kana cewa aljanu! Da ka kira ni sau ɗaya, sau ɗaya tak, ka ce Yaya ga abin da ake ciki…"

"Ya isa, Malama," in ji likita. "Ba shi ne na farko ba, kuma ba da mugunta ya yi ba. Ku dai riƙe wannan: maganin nan ba a tsayar da shi rana ɗaya, wannan ma wani haɗarin ne. Mu za mu rage shi a hankali. Yanzu mun san an bar ƙofa a buɗe. Saura mu san wane ɓarawo ne ya shigo, don kowanne da irin maganinsa. Akwai mai tari a gidan, tari mai daɗewa?"

"Babu," in ji Iliyasu.

"Tana shan nonon da ba a dafa ba?"

"Ba ta son nono, sai kunu."

"Tsuntsaye fa? Kuna kiwo?"

"Akwai tattabarun Baba a tsohon ɗaki, can bayan gida. Sun fi ɗari. Amma hatsi kawai nake watsa musu a waje, ɗakin a rufe yake. Babu mai shiga."

"Me tattabara ta yi?" in ji Nasiha. Ko a cikin fushi tambaya ba ta barin ta.

"Ita ba ta yi komai ba. Kashinta ne, in ya daɗe ya bushe. Akwai wata cuta dangin fumfuna da ke zama a ciki. In aka tayar da ƙurar aka shaƙa, mai lafiya yawanci ko a jikinsa. Amma wanda masu gadinsa ke barci, tana iya bi ta huhu ta wuce kai, a hankali, babu zazzaɓi. Tunda kun ce babu mai shiga, sai mu duba wani wajen."

Ya sunkuya zai rubuta.

Nasiha kuwa ta daskare a inda take. Busasshen kashin tattabara. Ta san shi sarai, ta san warinsa, don akwai rabin buhu yanzu haka a jingine a bayan kicin ɗinta. Bara ta fara noman buhu a tsakar gida, tana shuka a cikin buhunan ƙasa, alayyafo da attaruhu da tumatir, har matan unguwa suna zuwa kallo. Sirrin lambun nan takin tattabara ne, wanda direban motar Gwaram ke sauke mata duk wata ya ce, "In ji Gwaggo Tani." Yau wata shida ke nan.

Ta juya sannu a hankali. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Gwaggo."

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana murza carbi.

"Gwaggo, takin da kike aiko min, a ina kike samo shi?"

"Ke dai ba an kawo miki ba?"

"Ke da gwiwarki ba ta barin ki ki yi shara a ɗakinki. Wa yake share miki shi? Wa yake tankaɗewa?"

"Nasiha, ki bar maganar nan."

"Wallahi ba zan bari ba."

Gwaggo ta dubi ƙofar ɗakin da Inna ke kwance, kamar mai neman izini. Sai hawaye.

"Ta sa ni na yi alkawari. Allah ka yafe min, yau zan karya." Ta fyace hanci da bakin mayafi. "Ranar da kika kira ni kina cewa kina neman taki mai kyau, tana gefe tana ji. Da na ajiye waya ta ce, 'Tani, na bayan gida ya fi kowanne, shekara tara yana taruwa.' Na ce wa zai kwaso? Ta ɗaga min hannuwanta, tana juya su kamar sabbi. Ta ce, 'Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa yi mata wani abu da hannuna ta gani ba. Da ina da hannu kunya ta hana, da kunya ta fara sauƙi ciwo ya karɓe hannun. Yanzu Allah ya ara min su, bari in yi kafin a karɓe.'"

Iliyasu ya zauna a ƙasa, a kan siminti, bai ma sani ba.

"In kun tafi gona take shiga," in ji Gwaggo tana duban Iliyasu. "Ta ja ƙofa ta rufe don kada matarka ta gani a yi mata dariya. Ta share, ta tara, ta ɗura a buhu. Ni aikina in ba direba in ce ni ce."

"Ƙofa a rufe?" in ji likita. "Ɗakin yana da taga?"

"'Yar kafa ce a sama, ta shigar tsuntsaye."

"Tankaɗen fa?" Muryar Nasiha da ƙyar take fita, don ta riga ta san amsar.

"Buhun farko ne kika ce min yana da gudaji, yana ƙona miki shuka, in da hali a riƙa tankaɗewa. Na gaya mata ina dariya. Washegari ta aika aka sayo mata rariya sabuwa. In ta fito daga ɗakin nan fari fat take, har gira, tana tari tana murmushi."

Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Minti goma da suka wuce Nasiha ke nuna ƙaninta da yatsa. Yanzu ta tuna yadda take damƙar takin nan a hannu tana nuna wa maƙwabta, tana cewa ku ji laushi kamar garin tuwo, Gwaggona ta iya aiki. Ta tuna har tsiya ta taɓa yi a gaban mijinta, wai ita uwarta ko barkono ba ta taɓa aiko mata ba. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe ta, ta kasa ko kuka.

Likita ya bar su suka ɗan numfasa, sannan ya ce:

"Ku saurare ni. Ban ce tabbas ita ce ba. Zargi ne mai ƙarfi, amma ruwan bayan nan ne kaɗai zai faɗa mana gaskiya. Kuma akwai abin da ya fi damuna. Irin wannan cutar tana sa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya taru ya yi yawa, ya rasa hanyar fita. Shi ne ciwon kan, shi ne aman. In ya daɗe yana danne jijiyar ido. Mun ɗauki hoton kanta, babu abin da zai hana a ɗiba. Ɗibar ma kanta magani ce, tana rage matsin."

"Malam Yahuza fa?" in ji Iliyasu, ba tare da ya ɗago ba.

"Ban san shi ba. Amma na san da yawa irinsa. Sai an gama yawo da mutum, ya zo a ƙurarren lokaci, a yi allurar, ya rasu, a ce ita ce. Allurar a ƙasan baya ake yin ta, inda laka ta riga ta ƙare. Ba zan yi muku alkawarin rai ba, wannan na Allah ne. Amma kwana ukun nan da muka yi muna jira, ban so su ba."

Takardar tana kan fayil, biro a kanta. Nasiha ta ɗauka ta durƙusa a gaban ƙaninta.

"Iliya."

Ya ɗago, idanunsa jawur.

"Kai ka buɗe ƙofa, ni na aiko ɓarawo. Babu wanda zai ɗora wa wani. Ni zan sa hannu a nan, kai ka sa a ƙasan nawa. Abin da Allah ya yi, mu biyu ne."

Ya daɗe yana kallon biron. Sannan ya karɓa, ya rubuta sunansa da ajami kamar yadda Baba ya koya masa.

Bayan azahar direba ya zo, aka ba shi haƙuri ya juya. Aikin da aka yi kwana uku ana rigima a kansa bai kai rabin awa ba. Da likita ya fito, Nasiha ta tare shi, ya nuna mata 'yar kwalba kafin a kai ɗakin gwaji.

"Wannan ai fari ne tas kamar ruwan famfo," ta ce. "A nan cutar take?"

"Ido ba ya ganin ta, sai an sa a na'ura. Amma da ƙarfi ya fito, Malama. Da ƙarfi sosai. Na rage mata abin da ya kamata, wataƙila gobe sai an sake."

Suka koma suka zauna a gefen gado. Gadon Inna na jikin taga ne, rana ta karkato tana zubowa a kan bargo har sai da Gwaggo ta matsa gefe.

Ana kiran la'asar Inna ta motsa. Ta kai hannu ta shafa goshinta, ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Alhamdu lillahi," ta ce, da muryarta ta da, ba ta surutai ba. "An sauke min dutsen."

"Inna!" in ji Iliyasu.

"Iliya, kai ne? Wa ka bar wa gona?"

"Akwai masu dubawa, Inna."

"Tani tana nan?"

"Ga ni, Turai. Sannu."

Nasiha ta matso. Ta kama bakin gado.

"Inna, sannu. Ya jikin?"

Inna ta juyo wajen muryar. Sannan ta kawar da kai wajen taga, ta ja bakin mayafi ta gyara, irin yadda take yi tun Nasiha na yarinya.

"Tani," ta ce, "ki ce wa ta Birni ta koma ɗakinta. Zaman me take yi a nan, ta bar miji da yara?"

Nasiha ta toshe baki da hannu biyu. Dariya da kuka suka taho mata tare. A rayuwarta ba ta taɓa zaton za ta yi murnar an ƙi kiran sunanta ba, amma ga shi tana yi, don wannan ce Innarta, ta dawo da kunyarta cif. Gwaggo na hamdala, Iliyasu ya kifa kai a katifa kafaɗunsa na rawa.

Takun takalmi ya tsaya a bakin ƙofa. Likita Barnabas ne, da takardar ɗakin gwaji a hannu. Nasiha ta miƙe za ta tare shi da albishir.

Sai Inna ta sake magana. Fuskarta na kallon taga sosai, rana na dukan ta a tsakiyar ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Iliya, ku buɗe tagar nan mana. Wane irin ɗaki ne wannan, mutum ko tafin hannunsa ba ya gani?"